Daga Ƙyallen Tela Zuwa Tsarabar Kagoro: Yadda Ake Ɗinka 'Yar Jakar Adana Kaya

Jama'a, duk wanda ya kwana biyu a Kurmi ya san wannan lissafin. Da zarar an ce tafiya gida ta ƙarato, kuɗin mota yana gefe guda, tsaraba tana gefe guda, kuma sau da yawa ita ce ta fi hana mutum barci. Ga gwaggo, ga inna, ga matan yayye, ga yaran gida da za su taso da gudu su karɓi jaka tun daga bakin titi, ga kuma maƙwabta waɗanda ba a wuce su hannu rabbana. In ka ce kowa sai ka saya masa turmin atamfa, to ka shirya dawowa Ikko ko Fatakwal da bashi a wuya. In kuma ka ce burodi da biskit sun wadatar, kafin la'asar an cinye an manta.

Wannan damuwa ta fi tsananta ga 'yan uwanmu na Kafanchan da Kagoro da kewaye idan ƙarshen shekara ya zo, domin a lokacin ne kowa ke haramar gida. Shi ya sa yau muka ɗauko wani abu da ke zube a ƙarƙashin keken kowane tela, daga Agege zuwa Sabon Badun zuwa Ama Hausa ta Owerri, wato ƙyallayen da suka rage bayan an yanka kaya. Da waɗannan ƙyallaye ake ɗinka ƙananan jakunkunan adana tarkace: ta caja da wayar kunne, ta kwalli da turare, ta katin shaida, ta allura da zare, ta alƙaluman 'yan makaranta. Kuɗin da ake kashewa kaɗan ne, ba su da nauyi a tafiya, kuma wanda aka ba yana amfani da su kullum har tsawon shekaru, in an yi ɗinkin da kyau.

Me ya sa Kafanchan da Kagoro?

Wanda bai san yankin ba zai so a ɗan yi masa bayani. Kafanchan tana ƙaramar hukumar Jama'a a kudancin jihar Kaduna, kuma a nan fadar Sarkin Jama'a take. Ƙasa ce ta mutanen Fantswam tun asali, amma jirgin ƙasa ne ya mayar da ita babban gari. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗe da Kaduna ta nan, sannan wani reshe ya ɓalle ya nufi Jos. Sai garin ya zama mahaɗa. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka sauka: Ibo, Yarbawa, Hausawa da sauran ƙabilu, kowa da unguwarsa da sana'arsa. Har gobe akwai unguwar da ake kira Bayan Loko, sunan da ya samo asali daga wurin gyaran kan jirgi. Wato dai Kafanchan ta san zaman baƙunta kamar yadda mu mazauna Sabo da Zango muka san shi, kuma kaya sun daɗe suna kai da kawo tsakaninta da Kudu.

Kagoro kuwa tafiyar 'yan mintuna ce a mota daga Kafanchan, a ƙaramar hukumar Kaura, a gindin dogayen duwatsun nan da ake hangowa daga nesa. A nan ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu. Bikin ya yi suna ƙwarai a zamanin Sarkin Kagoro Gwamna Awan, wanda ya yi mulki daga 1945 har zuwa rasuwarsa a 2008. Daga mako na uku na Disamba zuwa wannan rana, garin cika yake da 'yan ƙasa da suka dawo daga Abuja, Ikko, Fatakwal da sauran wurare. Ga Kirsimeti, ga sabuwar shekara, ga bukukuwan aure da ake jerawa saboda kowa yana gida. Musulmin Kafanchan ma haka suke cika gari da sallah ƙarama da babba. Duk waɗannan lokuta ne na miƙa hannu.

Kuma a yankin, kyauta tsakanin maƙwabta tana da nauyin da ya wuce na sauran wurare. Kafanchan ta ga tashin hankali a 1987, ta sake gani a 2011 lokacin da babbar kasuwar garin ta ƙone. Duk da haka akwai gidajen da ba su daina aika wa juna tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti ba. Mu da ke zaune cikin wasu ƙabilu mun san abin da kwano ɗaya na abinci ko 'yar tsaraba ke gyarawa tsakanin ƙofa da ƙofa. Alheri danƙo ne, in ji Bahaushe.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu

Wani zai ɗauka wannan 'yar jaka sabon yayi ne da aka kwaso daga intanet. Ai ko kusa. Bahaushe ya daɗe da ware wa kowane kaya gidansa. Wanzami yana da zabira, mai aljihuna daban-daban, inda aska ke zaune a nata wuri, ƙaho a nasa. Malami yana da gafaka ta littattafai. Ɗan kasuwa yana da alabe, tsofaffin mata suna da lalita da suke ɗaurawa a ƙugu, maharbi yana da burgami. Yawancinsu aikin dukawa ne, da fatar jan akuyar nan ta Sakkwato wadda fatake suka riƙa ƙetarawa da ita Sahara har Turawa suka ɗauka daga Maroko take.

Abin da ya canza shi ne kayan da ake zubawa a ciki. Yau aljihun mutum ɗauke yake da caja, katin banki, katin zaɓe, takardar shaidar ɗan ƙasa, maɓallin ɗaki, magani. Jakar mace kuma kowa ya san yadda take: sai an zazzage komai a kan tabarma kafin a ga ɗan kunne ɗaya. Abin da ya maye gurbin zabira da alabe a hannun yawancinmu shi ne baƙar leda, wadda ke yagewa cikin kwana biyu ta ƙare a kwata. 'Yar jakar yadi tana yin aikin zabirar ne da kayan da ke kusa da hannu.

Kafin a taɓa almakashi: ƙyallen na wane ne?

Nan fa sai an yi gaskiya. Ƙyallen da ya rage bayan ɗinki na mai kaya ne, ba na tela ba, sai in shi ya yafe. An sha ganin faɗa a kan wannan: mace ta je biki ta hango atamfarta a jikin 'yar telanta. Saboda haka in ke ce mai ɗinki, ki tambaya tun lokacin karɓar aiki: "Hajiya, in ƙyalle ya rage, a haɗo miki ko a bar shi?" Yawancin mutane za su ce a bar ƙananan. In kuma ba ki da keke, sai ki je wurin telan unguwa ki roƙa ko ki saya. Wasu ma murna suke a kwashe musu, don da ma shara za su zuba ko su ƙona.

In ƙyallen gida bai isa ba, ana samun guntayen yadi da araha wurin masu sayar da yadi a Balogun ta Ikko, Gbagi ta Badun, babbar kasuwar Anacha, Ariaria ta Aba, ko Kantin Kwari ga wanda ya biyo ta Kano. Tsada ce ta sa ko guntu yake da daraja yanzu. Da can Kaduna ce uwar masaƙu: kamfanin KTL ya fara aiki a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, dubban mutanen kudancin Kaduna suka ci abinci a can. KTL ya tsaya a 2002, UNTL ya rufe a 2007. Tun daga nan yawancin atamfar da muke ɗaurawa daga waje take shigowa, farashinta kuma yana bin dala. Yadin da aka saya da wannan tsada bai kamata rabinsa ya tafi bola ba.

Ba kowane ƙyalle ne ya dace ba. Atamfa, shadda, kaki da tsohon wandon jins su ne suka fi, domin suna da jiki kuma ba sa zamewa a ƙarƙashin allura. Leshi da yadi mai santsi ko mai talewa suna wahalar da mai koyo. Ga mazauna ƙasar Yarbawa akwai wata dama: adire na Abeokuta, wanda ake samu a kasuwar Itoku, da guntun aso-oke irin na Iseyin. Mazauna Gabas kuma suna da saƙar Akwete ta jihar Abiya. Jakar da aka yi da irin waɗannan, kowa ya gan ta a Kagoro ya san daga Kurmi ta zo, ba sai an faɗa ba.

Sai dai a wanke yadin tukuna, a shanya ya bushe sarai, a goge. Dalili biyu ne. Na farko, sabon yadin auduga yana ɗan tsukewa a wankin farko, in an riga an ɗinka sai jakar ta murɗe. Na biyu, rini. Ni kaina na taɓa yin kuskuren nan: na ɗinka jakar adire ban wanke ba, aka zuba farar hula a ciki, aka bi hanya cikin zufa, da aka buɗe sai ga hula ta koma shuɗiya. A wanke mai rini shi kaɗai har ruwan ya daina canza launi. Kuma kada a ninke yadi da sauran danshi, musamman a garuruwan bakin teku, don fumfuna ba ta jira.

Kayan aiki

Ba su da yawa: almakashi mai kaifi, tef na awo, alli, zare, fil, dutsen guga, zif, da yadin lainin na ciki. Sai gam ɗin nan da teloli ke mannawa a wuyan riga da dutsen guga, shi ke sa jaka ta tsaya da kanta. Keke kowane iri ya yi, ko Butterfly na ƙafa ko na hannu. Allura mai lamba 14 ta isa atamfa da shadda, jins kuma sai mai lamba 16. Zif ɗin roba ya fi na ƙarfe sauƙi, domin allura tana iya bi ta kansa ba ta karye ba, kuma ba ya tsatsa. Wanda ba shi da keke zai iya yi da hannu, da irin ɗinkin nan da allura ke komawa baya kaɗan kafin ta ci gaba. Yana ɗaukar lokaci, amma yana da ƙarfi.

Ta farko: mai zariya

Da ita ya kamata mai koyo ya fara, don ba ta buƙatar zif. A yanka yadi mai faɗin inci 7 da tsawon inci 18. A ninka shi biyu, fuskar yadin tana ciki, sai ya koma 7 da 9. A ɗinke gefe da gefe daga ƙasa zuwa sama, amma a tsaya saura inci 2 a kai baki. Wannan wurin da aka bari, a kwantar da gefunansa ciki a bi su da ɗinki don kada su zare. Sai a kalmashe bakin kwatan inci, a sake ninkawa kusan inci ɗaya, a ɗinke. An samu ƙubaka ke nan, irin ta wando, gaba da baya.

A samo igiya biyu, kowace inci 20. A maƙala fil a bakin ɗaya, a zura ta dama ta zagayo ta dawo dama, a ƙulle bakinta. Ɗayar a zura ta hagu ta dawo hagu. In an ja su lokaci ɗaya sai bakin jaka ya tsuke. Wannan ta dace da carbi, turaren wuta, sarƙa da 'yan kunne, ko goro da dabino.

Ta biyu: mai zif da lainin

Ita ce aka fi so, kuma ita ce ke nuna gwanin tela. A yanka yadin waje guda biyu, kowane inci 9 da 6. A yanka lainin guda biyu daidai da su. A manna gam a bayan na wajen. Zif ya kasance inci 9, in ya fi haka a rage.

A shimfiɗa yadin waje ɗaya fuskarsa tana kallon sama. A kifa zif a bakinsa na sama, fuskar zif tana kallon yadin. A kifa lainin a kai, ya zama zif yana tsakiya. A kama da fil, a ɗinke kusa da haƙoran zif, amma kada a matse su. A buɗe yadukan su koma baya, a goge, a bi da ɗinki ɗaya a sama don kada lainin ya riƙa shiga bakin zif. A maimaita haka a ɗaya gefen.

Yanzu ga wurin da kowa ke faɗawa: a buɗe zif ɗin ya wuce rabi kafin a ci gaba. In an manta, za a gama ɗinki tsaf a rasa ta inda za a juya jaka, sai farkewa. Ba wanda ya koyi wannan aiki bai taɓa yin wannan mantuwa ba, har da mai rubutun nan.

Bayan an buɗe zif, a haɗa yadin waje da ɗan uwansa fuska da fuska, lainin ma da ɗan uwansa. A tura haƙoran zif su kalli ɓangaren lainin. A zagaye duka da ɗinki, ana barin kusan rabin inci a gefe, amma a bar ƙofa ta inci 3 a gindin lainin. In ana so jakar ta zauna da gindinta kamar kwano, a yanke murabba'in inci ɗaya a kowace kusurwa ta ƙasa, a buɗe wurin a haɗa ɗinkin gefe da na ƙasa, a ɗinke a kwance. Hakan zai ba ta gindi mai faɗin kusan inci 2. Sai a zaro komai ta ƙofar da aka bari, a ɗinke ƙofar, a tura lainin ciki, a goge. An gama.

Da wannan tsari ɗaya ake yin kowane girma. Katin banki bai kai inci 3 da rabi a tsawo ba, don haka aljihu mai faɗin inci 4 ya ishe shi. Takardar makaranta ko ta haihuwa kuwa, irin mai girman A4, tana da kusan inci 8 da kwata a faɗi, 11 da rabi da ɗoriya a tsawo, saboda haka a yanka 10 da rabi da 14. Irin wannan ta takardu a yi mata lainin da yadin tsohuwar lema, ruwa ba ya ratsa shi da wuri. Wanda ya taɓa bin hanyar Makurɗi, Lafiya da Akwanga da damina, kaya a saman mota, ya san amfanin haka.

Ta uku: mai naɗewa, jikar zabira

Wannan ita ce ta fi kama da zabirar wanzami. A yanka yadin waje inci 16 da 12, lainin ma haka. A yanka wani na aljihu inci 16 da 10, a ninka shi biyu a tsawonsa ya koma inci 5. A ɗora shi a ƙasan lainin, a ja layuka da alli daga sama zuwa ƙasa gwargwadon abin da za a zuba: inci ɗaya da rabi don alƙalami ko burushi, inci 2 don almakashi, inci 3 don caja. A bi layukan da ɗinki, a maimaita ɗinkin sau biyu ko uku a bakin kowane aljihu, domin nan ne ke fara ɓarkewa. A ninka igiya mai inci 24 biyu, a sa ta a gefe ɗaya tana kallon ciki. A kifa yadin waje, a zagaye da ɗinki a bar ƙofa, a juya, a goge, a bi gefe da ɗinki. Saman yana rufe bakin aljihunan, sai a naɗe kamar tabarma a ɗaure.

Ku duba 'yan uwanmu masu yankan farce da masu wankin takalmi da ke yawo a titunan Kudu, ko telolin nan masu ɗaukar keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi, waɗanda Ibo ke kira obioma, Yarbawa kuma ejika-ni-shobu, wato kafaɗa ce shago. Duk suna buƙatar irin wannan. Haka ma ɗaliban aikin jinya a Kafanchan da na kwalejin lafiya ta Kagoro, masu yawo da almakashi da ma'aunin zafi da biro kala-kala.

Kowa da irin tasa

Abin da ke sa kyautar hannu ta shiga rai shi ne a ga an yi ta ne don mutum. Tsohuwa mai shan maganin hawan jini, a yi mata mai zif babba da ɗan madauki a jikin zif ɗin, don yatsunta su kama da sauƙi. Amma a bar maganin cikin kwalinsa ko takardarsa, kada a zazzage ƙwayoyi su gauraya. Ɗan acaba ko direba, a yi masa ta kaki ko jins mai duhu, da maratayi. Amarya, a haɗa mata guda uku masu girma daban-daban daga yadi ɗaya. Ɗalibin Gidan Waya ko na reshen jami'ar jihar Kaduna da ke Kafanchan, mai tsawon inci 9 ta ɗauki biro da caja. A lokacin hunturu, ƙurar yankin ba ta raga wa waya, don haka jaka mai ɗan soso a ciki kyauta ce da za a gode.

Akwai kuma abin kiyayewa. Kada a yi amfani da atamfa mai hoton ɗan siyasa ko tambarin jam'iyya, ko wadda aka buga don jana'izar wani, kamar yadda ake yi a Kudu. Haka yadin ƙungiyar addini, ko na zumuntar mata ne ko na wata ƙungiyar Musulmi, da duk ƙyallen da ke ɗauke da sunan Allah ko aya. Mai shi ba zai ji daɗin ganin an zuba reza da man takalmi a ciki ba, wanda ba nasa ba kuma ka sa shi a tsaka mai wuya. Fure da zane marar rubutu ba sa ɓata wa kowa rai. Sannan jakar ƙaramin yaro kada a sa mata maɓalli, duwatsun ado ko doguwar igiya, domin komai baki yake kaiwa.

In ana so ta zama sana'a

Ga lissafi mai sauƙi. Yadi ɗaya inci 36 ne a tsawo, faɗin atamfa kuma yakan kai inci 45 zuwa 48. In ana yanka 9 da 6, za a samu guda 4 a tsawo, 7 a faɗi, wato 28. Fuskar jaka 14 ke nan daga yadi ɗaya. Rabin yadin da ya rage daga ɗinkin sallah zai ba da 7. Ke nan abin da za a saya da kuɗi shi ne zif, lainin, gam da zare, kuma duk sun fi araha in an sara da dozin.

Kafin a sa farashi, a ɗinka guda goma a jere. A rubuta duk abin da aka kashe har da kuɗin motar zuwa kasuwa, a duba awa nawa aikin ya ci, a sa wa awannin kuɗi, a raba gida goma, sannan a ɗora riba. Yawancin masu aikin hannu a nan suke faɗuwa: suna lissafa zif su manta da bayansu da ya ƙage. Kuma yin su a jere ya fi sauri. A yanka duka rana ɗaya, a manna gam duka, a sa zif duka, maimakon a gama ɗaya a koma farko.

Masu saye suna nan. Na farko masu biki, waɗanda suka gaji da rabon robobi da bokitai iri ɗaya. Jakar da aka yi da ragowar ankon bikin ta fi zama abin tunawa. Na biyu matafiya irinmu masu neman tsaraba. Na uku, a Ikko gwamnati ta hana robar zuba abinci ta soso tun Janairun 2024, kuma daga 1 ga Yulin 2025 ta fara aiwatar da hani kan wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya, har da siraran ledoji. Duk wanda ya iya ɗinka ƙaramar jaka, babbar ta cefane ba za ta gagare shi ba. Hoto mai kyau a WhatsApp, a hasken rana, da kaya a cikin jakar don a ga girmanta, ya isa a fara.

Ga masu shago kuma, wannan aiki makaranta ce ga yaran da ke koyo. Maimakon yaro ya shekara yana aike da guga, a ba shi ƙyalle ya koyi miƙe layi, sa zif da juya lainin a kan abin da in ya ɓaci ba a yi asarar shaddar mutane ba. In ya sayar, a bar masa wani abu a ciki.

Sai dai a kula da lokaci. Wanda ke son tafiya da su Kagoro a Disamba ya fara tun Oktoba ko farkon Nuwamba, domin daga nan teloli ba sa ɗaga kai, kuma kayan ɗinki kan yi tsada. Mai shirin sallah ya fara kafin azumi. Guda biyu a mako, cikin wata biyu an tara sha shida.

In Allah ya kai ku gida lafiya, ku riƙe mai zariya guda biyu ko uku a gefe, babu komai a ciki. Kudancin Kaduna ƙasar citta ce, ga acca, ga barkono. Busasshiyar citta ta fi son jakar auduga da ke shan iska a kan leda da ke sa ta gumi. Ku cika su, ku dawo da su Kurmi, ku miƙa wa mai gidan haya da maƙwabciyar da ta kula muku da ɗaki. Allah ya kai mu, ya kiyaye hanya.